Yadda ake gano bakin zaren kuskuren nahawu idan saƙon kwamfuta ya ƙi fahimtuwa

Ka gama rubuta kod, ka ba da umarnin a gudanar, sai kwamfuta ta dawo maka da `SyntaxError: invalid syntax` da 'yar kibiya tana nuna wani layi. Ka karanta layin sau biyar, ba ka ga aibinsa ba. Sau da yawa layin ba shi da aibi da gaske. Saƙon yana nuna maka inda mai karatun ya faɗi ne, wurin da ya yi tuntuɓe kuwa yana can baya, kuma aikin gyaran gaba ɗaya shi ne bin sawu daga nan zuwa can.

Abin da ke faruwa kafin saƙon ya fito

Harshen rubuta manhaja yana karanta fayil a hawa biyu. A hawa na farko akwai mai tsinkawa, wanda ke bin haruffa ɗaya bayan ɗaya yana yanka su gaɓa-gaɓa: wannan suna ne, wannan lamba ce, wannan buɗe baka ne, wannan rubutu ne cikin alamar zance. Gaɓar ita ce ake kira `token` a cikin saƙonnin kuskure. A hawa na biyu akwai mai li'irabi, wanda ke karɓar gaɓoɓin daga hagu zuwa dama yana gwada su da ƙa'idojin nahawun harshen. Muddin abin da ya karanta zuwa yanzu zai iya zama farkon jimla ingantacciya, ba zai ce uffan ba. Sai ya iso gaɓar da ba yadda za a yi ta zauna a wurin, sannan ya tsaya ya yi ƙorafi.

A nan gizo ke saƙa. Dubi wannan:

```
jimla = sum([4, 8, 15]
print(jimla)
```

An manta rufe baka a layi na 1. Amma a Python, idan baka tana buɗe, an yarda jimla ta zarce zuwa layi na gaba, don haka ƙarshen layi na 1 bai saɓa wa kowace ƙa'ida ba. Sai da aka iso `print` aka rasa inda za a sa shi. Python 3.8 zai ɗora laifin a kan layi na 2. Daga sigar 3.10, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, saƙon ya koma `'(' was never closed`, yana nuna layi na 1. Harsuna da yawa har yau suna nan a kan tsohon salon.

Mataki na 1: ware nahawu, ka kama kuskure na farko kaɗai

Kada ka riƙa gudanar da manhajar gaba ɗaya a kowane gwaji. Kusan kowane harshe yana da umarnin duba nahawu kawai ba tare da aiwatar da komai ba:

```
python -m py_compile fayil.py
node --check fayil.js
php -l fayil.php
bash -n fayil.sh
gcc -fsyntax-only fayil.c
python -m json.tool fayil.json
```

Idan kwamfaila, wato manhajar da ke fassara kod zuwa harshen inji, ta zubo kurakurai arba'in, na farko ne kawai abin dogaro. Bayan ta yi karo da shi, takan yi hasashen abin da kake nufi don ta ci gaba, kuma idan hasashen ya kauce, sauran talatin da taran 'ya'yan na farkon ne. Gyara na sama, ka sake dubawa. A GCC, kwamfailar harshen C, `-fmax-errors=1` yana tsayar da ita a kuskure na farko. A Clang kuwa, wata kwamfailar C, `-ferror-limit=1` ne.

Mataki na 2: fitar da abubuwa uku daga saƙon

Komai muninsa, saƙon yana ɗauke da wasu daga cikin abubuwa uku: wurin da aka tsaya, gaɓar da aka tarar, da gaɓar da ake sa ran gani. A `expected ';' before '}' token` na GCC, an tarar da `}`, ana jiran waƙafi mai ruwa, kuma kalmar `before` ta riga ta gaya maka ka duba baya. A `Unexpected token ')'` na JavaScript, abin da aka tarar kawai aka faɗa, kai za ka tambayi kanka me ya kamata ya zo kafin wannan baka.

Wasu harsunan suna kiran gaɓa da sunanta na cikin gida. Shahararren misali shi ne `unexpected T_PAAMAYIM_NEKUDOTAYIM` na PHP, wanda ya rikita mutane shekara da shekaru. Kalmar Ibrananci ce, ma'anarta ruwa biyu sau biyu, wato alamar `::`. Sai a PHP 8.0, a shekarar 2020, aka daina nuna wannan suna, aka bar alamar kaɗai. Idan ka ga suna irin wannan mai farawa da `T_`, nemi jerin gaɓoɓin harshen ka ga alamar da yake wakilta.

MySQL, manhajar rumbun bayanai, yana da nasa salon. Kuskure mai lamba 1064 yakan ce `near '...'` ya kawo guntun umarninka. Harafin farko na guntun shi ne daidai inda aka tsaya, don haka ko dai kalmar farkon ce matsalar, ko abin da ya gabace ta. Idan guntun ya fara da `order` ko `group` alhali sunan shafin tebur kake nufi, ka yi amfani da keɓaɓɓiyar kalma ne a matsayin suna. Idan kuma ya ce `near ''`, babu komai a ciki, umarnin ya ƙare ne mai li'irabi yana jiran ƙari.

Wannan na ƙarshen dangi ne babba: `unexpected EOF while parsing`, `Unexpected end of input`, `unexpected end of file`, `expected declaration or statement at end of input`. Duk ma'anarsu ɗaya, an buɗe wani abu ba a rufe ba. Lambar layin da suke bayarwa ita ce ƙarshen fayil, kuma ba ta da amfani ko kaɗan wajen nema.

Mataki na 3: koma baya gaɓa-gaɓa

Fara daga kibiyar. Duba gaɓar da ke gabanta kai tsaye, ko da tana ƙarshen layin sama, ka tsallake sharhi da layukan da ba komai. Kaso mafi yawa na kurakuran a nan suke: waƙafi da ya ɓace tsakanin abubuwan jeri, waƙafi mai ruwa a ƙarshen jimla, ruwa biyu bayan `if` ko `def`, alamar lissafi da ba ta da abokin aiki a dama.

A C, "layin sama" yana iya kasancewa a wani fayil dabam. Idan aka manta waƙafi mai ruwa bayan `struct` a ƙarshen fayil ɗin `.h`, ƙorafin zai iya fitowa a layin farko na kod da ya biyo bayan `#include` a fayil ɗin `.c`. Duk lokacin da aka zargi layi na farko-farko a fayil, buɗe abin da aka shigo da shi.

Idan gaɓar baya lafiya take, sai ƙirgar baka. Kada ka ƙirga da ido. Ɗora alamar rubutu a kan baka, edita zai haska abokiyarta, a editan Vim kuwa maɓallin `%` zai kai ka wurinta. Dabarar da ta fi sauri a dogon fayil ita ce ka sa edita ya sake jera shigar layuka da kansa. Daga inda aka bar baka a buɗe, duk layukan ƙasa za su zame zuwa dama su ƙi dawowa. Layin da zamewar ta fara, nan ne wurin.

Mataki na 4: alamar zance da hamza

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin duk mai sa kalmomin Hausa a cikin kod zai haɗu da shi. Hamzar da ke cikin jama'a, sana'a, ko 'ya'ya ita ce dai alamar da harsuna da yawa ke buɗe rubutu da rufe shi da ita.

```
kalma = 'jama'a'
```

Mai tsinkawa zai ga `'jama'` a matsayin cikakken rubutu, sannan suna `a`, sannan sabon rubutu da aka buɗe ba a rufe ba. Sabon Python zai ce `unterminated string literal`, tsoho kuma yakan tsaya a kan `a` ya ce `invalid syntax`. Wannan mai sauƙi ne, domin adadin alamomin mara ne. Mai wuyar shi ne idan adadin ya zama cika:

```
kalma = ''ya'ya'
```

A nan alamomi huɗu ne, kowace ta sami abokiya, don haka mai tsinkawa bai ga laifi ba. Ya ba da rubutu fanko, da suna `ya`, da rubutu `'ya'`. Mai li'irabi ne zai ce `invalid syntax` ba tare da ambaton alamar zance ba sam. Maganin shi ne a kewaye da alama mai biyu, `"'ya'ya"`, ko a sa `\` kafin kowace hamza. A SQL ana ninka ta ne, `'jama''a'`, kodayake abin da ya dace shi ne kada a liƙa rubutun mai amfani cikin umarni da hannu, a miƙa shi ta gurbin da laburaren SQL ɗinka ya tanada. Hamzar da ta karya umarni bisa kuskure, ita ce ƙofar da mai kutse zai bi da gangan.

A Bash da SQL rubutu yana iya ratsa layuka, saboda haka alama guda da ba a rufe ba za ta haɗiye layi ɗari kafin a ji ƙorafi. Launin edita zai taimaka: nemi inda kod ya rikiɗe ya ɗauki launin rubutu. A Python kuma, `python -m tokenize fayil.py` zai jera maka gaɓoɓin yadda mai tsinkawa ya gan su, da layi da gurbin kowace.

Mataki na 5: haruffan da ido ba ya gani

Idan ka duba duk na sama layin yana nan daidai, daina yarda da idonka. Abin da allo ke nunawa da abin da ke cikin fayil ba lallai su zama ɗaya ba. Kod da aka kwafo daga shafin intanet, PDF, Word ko manhajar hira yakan zo da baƙi:

Alamar zance mai lanƙwasa, U+201C da U+201D, a madadin miƙaƙƙiya. A UTF-8, tsarin adana haruffa a fayil, bayit uku ce, ta farkon E2 80 9C. Shi ya sa GCC ke cewa `stray '\342' in program`, domin 342 shi ne E2 a ƙirgar takwas-takwas. Da ka ga `\342`, ka nemi alamar zance ko karan ɗori da aka kwafo.

Sarari marar karyewa, U+00A0, bayit C2 A0. Kamarsa ɗaya da sarari na kullum. Python yakan ce `invalid non-printable character U+00A0`, GCC kuma `stray '\302'`. Akwai kuma U+200B, sarari marar faɗi, wanda ko gurbi ba ya ci a allo.

Alamar BOM, bayit EF BB BF a farkon fayil, wadda wasu editocin Windows ke sakawa. Ita ce ke sa a yi ƙorafi a layi na 1, gurbi na 1. Tana lalata layin `#!` na fayil ɗin Bash, kuma masu karanta JSON da yawa suna ƙin ta.

Ƙarshen layi irin na Windows, bayit 0D 0A a madadin 0A kaɗai. A wurin Bash, `do` mai ɗauke da 0D a wutsiya ba `do` ba ne, sai ka ga saƙo mai `$'do\r'` ko `$'\r': command not found`.

Ga kayan aikin tono su:

```
file fayil.sh
cat -A fayil.sh
grep -nP '[^\x00-\x7F]' fayil.c
sed -n '42p' fayil.py | xxd
```

`file` zai faɗi ko akwai BOM ko CRLF. `cat -A` na Linux yana nuna tab a matsayin `^I`, 0D a matsayin `^M`, ƙarshen layi a matsayin `$`. Umarnin `grep` ɗin zai kawo duk layin da ke da harafin da ba na ASCII ba, har da ƙ da ɗ da ɓ na halal da ke cikin rubutunka, don haka sai ka tace. Na ƙarshen yana zazzage bayit ɗin layi na 42 ɗaya-ɗaya. Don cire 0D, `dos2unix` ko `sed -i 's/\r$//' fayil.sh` ya isa, kuma layin `*.sh text eol=lf` a cikin `.gitattributes` zai hana shi dawowa. Idan layi guda ne ake zargi, goge shi ɗungurungum ka sake bugawa da hannu, ya fi sauri.

Tab da sarari ma suna cikin wannan aji. Python 3 yana ƙin cakuɗa su da `TabError`. YAML ya haramta tab wajen shigar da layi. Makefile kuwa akasin haka ne, dole layin umarni ya fara da tab, kuma `missing separator` kusan kullum yana nufin edita ya mayar da tab ɗin sarari.

Wani abin lura game da lambar gurbi: ƙ harafi ɗaya ne amma bayit biyu ne, C6 99. Wasu kayan aiki suna ƙirga bayit, wasu haruffa. A layin da ke da haruffa masu ƙugiya da yawa, kibiyar tana iya gocewa dama da gurbi kaɗan.

Mataki na 6: tabbatar da abin da aka karanta, da wanda ya karanta

Wani lokaci fayil ɗinka lafiya lau yake, abin da ya isa ga mai li'irabi ne dabam. `Unexpected token '<'` a burauza, musamman a gurbi na 0, kusan kullum yana nufin an nemi JSON ko JavaScript, sai saba, wato kwamfutar da ke ba da amsa, ta dawo da shafin HTML, na kuskure 404 ko na shiga asusu. Alamar `<` ɗin farkon `<!DOCTYPE` ce. Haka `Expecting value: line 1 column 1 (char 0)` na Python yake nufi: amsar fanko ce, ko ba JSON ba ce. Kafin ka taɓa kod, duba ɗanyen abin da ya zo da `curl -i`, ko ka buga haruffa 200 na farko da `repr()`. Idan JSON ɗin ne da gaske, tuna ƙa'idarsa ta fi ta JavaScript tsauri: ba waƙafi bayan abu na ƙarshe, ba sharhi, ba alamar zance mai ɗaya. Idan kuma fayil ɗin layi guda ne mai tsawon gaske aka ce kuskure yana gurbi na 58213, yanko haruffa 40 kafin wurin da 40 bayansa ka duba su kaɗai.

A C, abin da kwamfaila ke karantawa shi ne sakamakon faɗaɗa `#define`. Idan aka rubuta `#define GIRMA 10;` da waƙafi mai ruwa, to `int a[GIRMA];` zai zama `int a[10;];`, a zargi layin da ba shi da laifi. `gcc -E fayil.c` zai nuna maka rubutun bayan faɗaɗawa. Haka za ka yi da duk kod da wani kod ya haifa, ko SQL da aka harhaɗa, ko fayil da ya fito daga samfuri: buga sakamakon ƙarshe ka karanta shi.

Sai sigar harshe. Nahawu yana canzawa, kuma tsohon mai li'irabi ba shi da hanyar sanin cewa abin da ya gani sabon salo ne, `invalid syntax` kawai zai ce. Rubutun `f"..."` ya shigo Python a 3.6, alamar `:=` a 3.8, `match` a 3.10. Ta ɗaya ɓangaren, `async` ta zama keɓaɓɓiyar kalma a 3.7, sai tsohon kod da ya yi suna da ita ya daina karantuwa. Buga `python --version` a kan injin da kuskuren ya faru, ba a kan naka ba. Irin wannan ne ke faruwa da `sh fayil.sh` a Debian da Ubuntu, inda `sh` yake nufin Dash, wani mai karanta umarni dabam da Bash: jeri irin na Bash zai jawo `Syntax error: "(" unexpected`. Kira shi da `bash`.

Mataki na 7: raba biyu

Idan duk wannan bai fito da shi ba, bar tunani ka koma aikin hannu. In fayil ɗin yana cikin Git kuma jiya yana aiki, `git diff` zai rage maka wurin nema zuwa layukan da aka taɓa. In ba haka ba, kwafi fayil ɗin, ka cire rabinsa na ƙasa, ka duba nahawu. Kuskuren ya tafi, yana cikin abin da ka cire. Yana nan, yana cikin abin da ya rage. Maimaita. Fayil mai layi 1000 ba zai wuce yanka goma ba. Sharaɗi ɗaya ne: yanka a kan iyakar fankshan ko cikakken sashe, in ba haka ba kai ma za ka bar baka a buɗe ka haifar da sabon kuskure. Gogewa a cikin kwafi ya fi mayar da layuka sharhi aminci, domin `/* */` ba ya shiga cikin wani `/* */` a C da JavaScript.

Idan kai ne mai rubuta mai li'irabin

Wanda ke ƙera ƙaramin harshe, ko mai karanta fayil ɗin saituna, shi ke da alhakin saƙon da wasu za su yi fama da shi, kuma `syntax error` tsurarsa zalunci ne ga mai amfani. Tun a wurin mai tsinkawa ake fara gyara: kowace gaɓa ta riƙe sunan fayil, layi, gurbin farawa da na ƙarewa. Abin da ba a adana a nan ba, ba za a same shi daga baya ba. Saƙon ya faɗi abin da aka tarar da ainihin rubutunsa, ya faɗi abin da ake jira, ya buga layin da kibiya a ƙasa. Harafin da ba ya ganuwa a nuna lambarsa ta Unicode.

Ajiye tarin duk baka da alamar zance da aka buɗe, kowace da wurinta. Idan fayil ya ƙare tarin bai zama fanko ba, nuna inda aka buɗe ta saman. Wannan 'yar dabara ita kaɗai tana kawar da mafi munin saƙonni.

A Bison, manhajar da ke ƙera mai li'irabi, saƙon asali `syntax error` ne kawai. Sa `%define parse.error verbose`, ko `detailed` daga sigar 3.6, don ya ambaci gaɓar da aka tarar da waɗanda ake jira, ka kuma ba kowace gaɓa laƙabi mai karantuwa, kamar `%token SAKA ":="`. Ƙara `%define parse.lac full` yana gyara jerin abubuwan da ake jira, wanda in ba shi ba yakan zo da gibi ko kuskure. Don ci gaba bayan kuskure, ƙa'ida irin `jimla: error ';'` tana sa a zubar da gaɓoɓi har a kai waƙafi mai ruwa, kuma Bison ba ya sake ƙorafi sai ya karɓi gaɓa uku a jere lafiya, don rage kurakuran bogi.

Mai li'irabi irin na PEG yana gwada zaɓi ya ja da baya, don haka idan komai ya faskara yakan dawo farkon jimla, wurin da ba shi da amfani ga kowa. Riƙe gurbi mafi nisa da aka taɓa kaiwa, da jerin abin da aka nema a can, ka ba da rahoton wannan. Python, wanda ya koma PEG a 3.9, ya ƙara wani abu a kai: idan karatun farko ya faɗi, yana sake karantawa da ƙarin ƙa'idoji masu farawa da `invalid_`, waɗanda aka rubuta musamman don kama kurakuran da aka saba yi, kamar `=` a wurin `==`. Kod mai kyau ba ya biyan kuɗin wannan karatu na biyu, tunda ba ya kaiwa gare shi.

Sannan ka buɗe jaka ta fayilolin da aka lalata da gangan: ɗaya ba rufe baka, ɗaya da hamza a tsakiyar rubutu, ɗaya da BOM, ɗaya fanko, ɗaya da aka yanke a tsakiyar jimla. Kowanne a ajiye shi tare da ainihin saƙon da ake so ya fito, da layi da gurbi, a riƙa gwada su duk lokacin da aka taɓa nahawun, domin ƙaramin canji a ƙa'ida ɗaya yana iya mayar da kibiyar wani wuri ba tare da ko ɗaya daga gwaje-gwajen kod mai kyau ya nuna ba.